Jinjina ga Maƙeran ThinkPad, da Sauran Aikin da Ke Gabansu

Yabon gwani ya zama dole. A watan Oktoban 1992 kamfanin IBM ya fitar da kwamfutar tafi-da-gidanka ThinkPad 700C, kuma waɗanda suka ƙera ta sun cancanci jinjina har yau: injiniyoyin cibiyar Yamato ta ƙasar Japan ƙarƙashin Arimasa Naitoh, da Richard Sapper, Bajamushen da ya zana siffarta. Daga akwatin abincin Japanawa ya ɗauko fasalin: baƙa wuluk, ba ado, sai ka buɗe ka ga abin da ke ciki.

Abin da ke cikin kuwa ya burge. Fuskarta mai launi ce, inci 10.4, a lokacin da yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka ke nuna fari da baƙi dishi-dishi. A tsakiyar madannai aka dasa wani ɗan jan maɓalli, TrackPoint, ƙirar Ted Selker, domin mai rubutu ya juya kibiya ba tare da ya ɗaga hannu ba. Wanda duk ya taɓa kwana yana buga rubutu ya san girman wannan rangwame. A 1995 kuma John Karidis ya zo da 701C, wadda madannanta ke baje fukafukai kamar malam-buɗe-littafi da zarar an ɗaga murfi. Tana ajiye a gidan adana kayan fasahar zamani na New York.

Amma abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne yadda aka gina kwamfutocin ThinkPad don su daɗe. IBM ya riƙa wallafa littafin gyara da ke nuna kowane noti da kowane sashe. Batir ya mutu, ka zare ka sa wani. Wannan tarbiyya ce ta sa ThinkPad ta hannu ta biyu ke da daraja a kasuwanninmu, ɗalibi ya saya, mai gyara ya buɗe ta ba fargaba.

Ba a rasa aibu ba. Dala 4,350 aka sa wa 700C, kuɗin da sai manyan kamfanoni. Nauyinta ya haura kilo 3, batirinta ba ya kai mutum ko'ina, ma'ajiyarta megabait 120 kacal. Ita kuwa 701C ta fito da ƙwaƙwalwar 486 alhali sabuwar ƙwaƙwalwar Pentium ta riga ta shigo, kuma ba ta jima a kasuwa ba.

Lenovo, wanda ya sayi sashen da ke ƙera ThinkPad daga IBM a 2005, ya magance nauyi da ƙarancin ƙarfi, mun yaba. Sai dai a garin neman siranta an rufe batir a cikin jiki, a wasu samfurori an liƙe ƙwaƙwalwar ajiya da dalma, ba halin ƙari. Injin da aka yi haka, ranar da sashe ɗaya ya lalace sai bola. An fara gyara wannan kuskure a wasu sababbin samfurori. Muna so ya game duka, har masu araha. A kuma tabbatar batir na asali yana isa hannun masu gyara a Kano da Maraɗi, inda zafi da ɗaukewar wuta ke kashe shi tun kafin sauran jikin ya tsufa.