Birki Kafin Fenti: Ƙorafi a Kan Masu Farfaɗo da Tsofaffin Bas-bas

Akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi a tsakanin masu sha'awar tsofaffin motoci, kuma ina ganin lokaci ya yi da za a kira ta da sunanta. Mutum zai sayi bas da ta shekara sittin, ya kashe kuɗinsa da lokacinsa wajen neman ainihin launin da kamfani ya fesa mata, da irin yadin kujerunta na asali, da ƙararrawar kwandasta. In ka tambaye shi yaushe rabon da a kwance birkinta, sai ya ce ai tana tsayawa. Wannan shi ne kyan ɗan maciji, kuma ba gyara ba ne.

Misalin da ya fi dacewa shi ne Routemaster, jar bas mai bene ta birnin Landan. An ƙera ta farko a 1954, ta fara ɗaukar fasinja a 1956, kuma kafin a daina ƙera ta a 1968 an fitar da guda 2,876. Ba ta bar aikin yau da kullum ba sai ranar 9 ga Disamba, 2005, a kan layi mai lamba 159. Da yawa daga cikinsu suna hannun ɗaiɗaikun mutane a yau, ana hayarsu don bukukuwan aure, ana kai su wuraren baje koli.

Masoyanta sukan ce ingancin ƙira ne ya sa ta yi kusan shekara hamsin tana aiki. Rabin labarin ke nan. Sauran rabin yana wata katafariyar ma'aikata da ake kira Aldenham, a arewacin Landan. Duk bayan 'yan shekaru akan kai kowace bas can, a ɗaga gangar jikinta a raba ta da ƙarafan da ke ɗauke da inji da ƙafafu, a kwance komai, a duba, a sauya abin da ya gaji, sannan a mayar. Sau da yawa jikin da ya shiga da wasu ƙafafu, da wasu daban yake fita. Fenti yana cikin ayyukan ƙarshe. An rufe Aldenham a 1986, kuma wanda ya mallaki Routemaster a yau ya gaji bas ɗin ba tare da ma'aikatar da ta riƙe ta ba. Duk aikin da ɗaruruwan makanikai suke yi a da, yanzu a wuyansa yake, ko ya sani ko bai sani ba.

A dubi birkin da kyau. Na Routemaster da matsin mai yake aiki: famfo yana tura mai cikin wasu tulunan ajiya masu iskar gas a matse, su kuma su riƙe ƙarfin har sai direba ya taka. Idan gas ɗin ya zurare a hankali, bas za ta ci gaba da tsayawa lafiya lau a farfajiyar gareji, inda ba ta da kaya kuma ba ta gudu. Ranar da ta ɗauki mutum 64 ta hau gangara, direba ya taka sau uku a jere, ranar ce za a gane ajiyar ta ƙare. Waɗanda suka ƙera ta sun san haka, shi ya sa suka sa wata 'yar alama a gaban direba da ke faɗowa idan matsin ya yi ƙasa. Sai kuma robobin da ke hana yoyo, waɗanda kan bushe idan mota ta daɗe a ajiye, su kumbura idan aka zuba man da ba nasu ba. Bututun ƙarfe kan ci tsatsa daga inda ido ba ya kaiwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke fitowa a hoto.

Jikin ma yana da tasa yaudarar. Na alminiyon ne, da dabarun da aka koya wajen haɗa jiragen sama a Yaƙin Duniya na Biyu, don haka mutane ke cewa ba ya tsatsa. Amma duk inda alminiyon ya haɗu da baƙin ƙarfe kuma danshi ya shiga tsakani, alminiyon ɗin ne ke cinyewa ya koma farin gari. Wuraren haɗin nan su ne ke ɗauke da nauyi. Mai gaggawa zai shafe ramin da fila, ya goge, ya fesa ja, aikin ya yi kyau har shekara uku.

Abin da ya fi damuna shi ne doka ta buɗe wa wannan sakaci ƙofa. Tun daga Mayun 2018, motar da ta haura shekara 40 a Birtaniya, muddin ba a yi mata babban sauyi ba, an ɗauke mata gwajin lafiya na shekara-shekara, kuma hakan ya haɗa da bas ɗin da ba a kasuwanci da ita. Hujjar ita ce masu irin waɗannan motoci suna kula da su sosai, kuma ba sa yawan hawa titi. Hujja ta biyun ma a kansu take komawa, domin zama wuri ɗaya shi ke kashe roba. A 2012 wata doguwar bas ta yi haɗari a Ingila, mutum uku suka rasu, aka gano tayar gaban da ta fashe ta shekara 19. Daga Fabrairun 2021 aka haramta taya mai fiye da shekara goma a gaban bas, amma a nan ma aka keɓe motocin tarihi da ba na haya ba. Ita kuwa taya ba ta san ko an biya kuɗin mota ba.

Za a ce mini na tsananta, cewa kwance birki gaba ɗaya yana da tsada, kayan gyara sun yi wuya, kuma in aka matsa wa masu sha'awa za su watsar, bas-bas ɗin su ƙare a wurin 'yan gwangwan. Tsadar gaskiya ce. Amma wanda kuɗinsa ba su isa birki da fenti ba, yana da zaɓi biyu masu mutunci: ya gyara birki ya hau titi da koɗaɗɗen launi, ko ya fesa fenti ya ajiye ta a rumfa mutane su zo kallo. Gidajen tarihi suna yin na biyun, kuma babu abin kunya a ciki. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya ɗora amarya da ƙawayenta a saman bene bisa bututun da ba wanda ya leƙa tun 1986.

Mai karatu da ya taɓa kai motarsa gareji a Kano ko Maraɗi ya san tsarin nan, don kuwa mai fenti yakan karɓi kuɗinsa da fara'ar mai mota, shi kuwa mai birki sai an yi ciniki mai zafi, a ƙarshe a ce ya lallaɓa tsohon kayan tukuna.