Kafin ka sayi na'ura, fara tambayar zafi da ƙura

A watan jiya wani ƙaramin malami da aka turo mana bana ya same ni a gindin dogon yaro bayan an tashi yara. Ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Mushe, dubi wannan talla, megafiksel 108 ce, albashi na shigowa ita zan saya." Na tambaye shi kuɗinta, ya faɗa, na lissafa a zuci na ga ta kusa cinye albashinsa na wata biyu. Na ce, "Ƙanena, mi za ka yi da ita?" Ya ce hoton allo, hoton takardun yara, da ɗan bidiyo ranar biki. Na ce to jawo benci ka zauna. Abin da na gaya masa a ranar shi nake so in faɗa wa masu karatu, domin na san ba shi kaɗai ba ne talla ta ruɗa.

Ni dai malamin makaranta ne, abin da na karanta a makarantar horon malamai ke nan, kuma na haura shekara 20 da alli a hannu a nan ƙasar Imanan da Kurfai. Sai dai ina da wata lalura: in na ga mataccen rediyo ko kwamfuta, wadda mu nan muke ce wa ordinatar, hankalina ba ya kwanciya sai na kwance ta na ga cikinta. Daga Bankuku har Filinge abokan aiki sun san haka, suna kawo mini nasu in ta ƙi tashi. Wasu na tayar, wasu na ƙarasa kashewa, kuma daga waɗanda na kashe na fi koyo.

Ra'ayina shi ne, mafi yawan shawarwarin da muke kallo a YouTube da TikTok ba don mu aka yi su ba. Mai maganar yana zaune a ɗaki mai sanyi, wuta ba ta ɗaukewa, in abu ya lalace gobe a kawo masa sabo har ƙofa. Mu kuwa tsakanin Filinge da Yamai kusan kilomita 180 ne, kuma ba kullum mutum ke son hawa hanyar ba. Saboda haka na'urar da ta dace da mu ita ce wadda za ta jure zafinmu, ta ci wuta kaɗan, kuma a iya buɗe ta a gyara a nan. Lambar da aka rubuta a jikin kwali tana zuwa bayan waɗannan uku. In ba ka da gashin wance, kada ka ce sai ka yi kitson wance.

Mu fara da zafi da ƙura. Duba ƴar takardar da ke zuwa da yawancin kwamfutocin ɗora-a-cinya, za ka ga an rubuta cewa an yi su don aiki tsakanin digiri 10 zuwa 35. A watan Afrilu da Mayu zafin jihar Tilaberi yana wuce digiri 40 a inuwa, balle aji mai rufin kwano. In hunturu ya shigo kuma, ƙura ce ke shiga ta kowace kafa ta liƙe a fankar ciki kamar auduga. Fanka ta toshe, iska ba ta fita, na'ura ta yi zafi ta rage gudu don kare kanta, in abin ya yi yawa ta mutu farat ɗaya. Mai ita ya ce ta tsufa, ko ƙwayar cuta ta shige ta, alhali numfashi take nema. Da ƙaramin sukudireba da busasshen burushin haƙori ana yi mata magani cikin rabin awa. Ni kowace shekara sau biyu nake buɗe tawa, bayan hunturu da kuma kafin bazara ta tsananta. Ba na ɗora ta a kan katifa ko tabarma, kuma ba na cajin waya a rana ko a kan kwano mai zafi, don zafi ne babban abin da ke tsufar da batirin litiyom. Batirin da ya kumbura kuwa a cire shi nan take, kada a huda shi, yana iya kamawa da wuta.

Sai wuta. Mun ga abin da ya faru a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke lantarkin da take sayar wa Nijar saboda takunkumin CEDEAO, aka yi wata da watanni ana rabon wuta har a Yamai. Ƙauyukanmu da yawa ma ba su taɓa ganin falwaya ba, farantin hasken rana da batir su ne dogaro. To ga lissafi irin na ɗan aji shida. Batir mai bolt 12 da amfa 100 yana riƙe da kimanin wat 1200 na awa guda, kuma irin na dalma in kana so ya daɗe rabi kawai za ka sha, wato 600. Kwamfutar cinya in rubutu kake yi tana cin wat 20 zuwa 30, ka ga za ta yi kusan awa 20. Tsohuwar kwamfutar teburi da allonta tana iya cin sama da wat 100, ko awa 6 ba za ta kai ba. Wannan lissafin ne ba a yi kafin a kawo wa makaranta kyautar manyan kwamfutoci. Na taɓa shiga wata makaranta na tarar da su goma sha wani abu a jere, an lulluɓe su da zane, ɓeraye sun cinye wayoyin. An yi biki ranar da aka kawo su, an ɗauki hoto, amma babu wanda ya tambayi wutar da za su ci, babu kuma wanda aka koya wa ya buɗe ko guda.

Na uku shi ne gyara. In malami ya tambaye ni wace zai saya, ina ce masa ya nemi tsohuwar kwamfutar ofis irin ThinkPad, ko Dell Latitude, ko HP EliteBook, waɗanda ake kawowa na hannu a kasuwannin Yamai da Kano. An ƙera su don ma'aikatu, jikinsu da ƙwari, da noti ake rufe su, kuma kayan gyaransu ba sa wuyar samu. Abu biyu kawai za ka yi mata ta koma kamar sabuwa. Ka cire tsohon faifan ajiya mai juyawa ka sa wanda ba ya juyawa, wanda masu shago ke kira SSD: ya fi sauri nesa ba kusa ba, ya fi cin wuta kaɗan, kuma girgizar mota a hanyar Baleyara ba ta lalata shi. Sannan ka ƙara mata ram daga giga 4 zuwa 8. Sabuwa mai araha da sheƙi sau da yawa an narke ram ɗinta a jikin allon ciki, batirin an manne shi da gam, ranar da abu ɗaya ya mutu duka ta mutu.

Na san abin da wasu za su ce, kuma sun faɗa mini a ido: wai ina tallan bolar Turawa. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tattara aka sarrafa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wani ɓangare na wannan shara yana zuwa Afirka da sunan kayan hannu. Haka nan kamfanin Microsoft ya sa 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, kuma tsofaffin na'urori da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Amsata ita ce a raba tsakanin tsoho da mushe. Kada ka biya kuɗi sai an kunna a gabanka, ka cire caja ka ga ko batir zai yi awa guda, ka danna kowane harafi, ka gwada kowace kafa. Batun Windows kuwa, akwai Linux Mint, kyauta ne, yana tafiya lafiya a tsohuwar na'ura, da LibreOffice a cikinsa na rubutu da lissafin maki. Tawa da shi take aiki, kuma da ita nake fitar da sakamakon ajina kowane zango. Na sa mata Kiwix, wanda ke ba ka damar karanta Wikipedia ta Faransanci da ta Hausa ba tare da intanet ba, da Keyman don in rubuta ƙ da ɗ da ɓ da ƴ yadda suke.

Mu dawo kan wayar ƙanena. Wannan megafiksel 108 da ake talla, a yawancin wayoyin da ke ɗauke da ita na'urar tana haɗe ɗigo tara-tara su zama ɗaya, hoton da ke fitowa na megafiksel 12 ne. Kuma 12 ta isa: hoton da zai cika takardar A4 da kyau bai buƙatar fiye da megafiksel 9. Abin da ke gyara hoto haske ne da hannu mai natsuwa. Lokacin sanyi, in manoman dankalin Turawa na Bankuku suna haƙa a cikin Dallol Boso, nakan fita da safe kafin rana ta ɗaga, in juya mata baya, in goge gilashin da gefen rawani, kuma hotunan da tsohuwar wayata ke ɗauka sun fi na wanda ya fito da tsakar rana da waya mai tsada. Takardar yaro a inuwa ake ɗaukarta, waya daidai saman takarda. In bidiyo ne, matso kusa da mai magana ka ba iska baya, don mutane suna haƙuri da hoto mai dishi-dishi amma ba sa haƙuri da muryar da ba a ji. Kuma a halin da yankinmu ke ciki, ka kashe alamar wuri a kyamara, ka nemi izini kafin ka ɗauki mutum, kada ka watsa hoton yaran mutane da sunan makarantarsu. Hoto yana iya jawo wa wani abin da ba ka yi nufi ba.

Darasin da ya fi yi mini ciwo na bar shi ƙarshe. Shekarun baya na yi hutu guda ina zama da wani dattijo ina ɗaukar muryarsa da hotonsa, yana ba ni tarihin zuriyarsu da sunayen rijiyoyi da tsofaffin mazauni. Na zuba duka a katin memori da na saya a tebur ranar kasuwa, an rubuta giga 64, kuɗinsa kuma rabin na shago. Da na zo kwashewa, sunayen fayil suna nan reras, amma fiye da rabi ba sa buɗewa. Daga baya na gane katin jabu ne: ƙarami ne aka yi masa dabara yake faɗin ƙarya, duk abin da ka zuba bayan ya cika iska yake bi. Kafin in koma, Allah ya yi wa dattijon rasuwa. Araha ba ta ado, na ji a jikina. Tun daga ranar ba na yarda da kati ko kile sai na gwada shi da H2testw, wata ƙaramar manhaja ta kyauta da ke cika shi ta sake karantawa. In ba ka da ita, cika shi da bidiyo har ya ce ya ƙoshi, sannan ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Kuma duk abin da ba za ka iya sake samu ba, ajiye shi wuri uku, ɗaya daga ciki a wani gida daban.

Kirana biyu ne. Makarantun horon malamai su ware ko da mako guda su koya wa ɗalibai buɗe kwamfuta, share fanka, canja faifai da lissafin wuta, don malamin ƙauye shi ne sakatare, shi ne mai hoto, shi ne mai gyara. Kwamitocin COGES kuma, in an zo da kyautar na'ura, su yi godiya sannan su tambaya: wace wuta za ta ci, wa zai gyara ta, ina ake samun kayanta? Tambayar ba raini ba ce, ita ce za ta sa kyautar ta yi rai.

Ƙanena dai bai sayi wayar ba. Ya canja batirin tsohuwarsa, ya sayi kati mai kyau muka gwada tare, sauran kuɗin yana tarawa don kwamfutar hannu. Jiya ya zo aron sukudireba, na ba shi, na ce ya riƙa jera notin a faranti kada kaji su kwashe. Allah ya sa mu dace.