Sai Mun Je Maraɗi Za Mu Ji Ɗanƙwairo?

Kwanan baya na je Maraɗi, da dare wani aboki ya ja ni gidan al'adu na Bawa Ɗan Wardanga da ke cikin gari. Wani matashi ya hau dandamali da 'yan amshinsa, ya ɗauko waƙar Musa Ɗanƙwairo. Wuri ya ruɗe da tafi, ana ta liƙi. Wallahi sai kunya ta kama ni.

Jama'a, Ɗanƙwairo fa ɗan Bakura ne. Sa'idu Faru, Kassu Zurmi, Sani Sabulu na Kanoma, duk namu ne. Amma yau daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, ina makaɗi zai tara jama'a bayan isha'i hankali kwance? A ƙauyuka da yawa ko biki tun kafin magariba ake watsewa, don tsoron 'yan bindiga.

Mu 'yan siyasa ma da laifinmu. Ba ma tuna mawaƙi sai lokacin kamfe: ya wasa ɗan takara, ya zagi abokin hamayya, a sallame shi, a manta da shi shekara huɗu.

To, duk mai neman ƙuri'ar Adabka a 2027, mu tambaye shi tsaro, mu tambaye shi dandali: madaidaicin wuri a kowace ƙaramar hukuma, da fitilu da masu tsaro, maza gefe mata gefe, cikin mutunci.

Ranar da mutumin Gummi ya yi hirar dare yana sauraren kotso, ya koma gida lafiya, ran nan za mu yarda zaman lafiya ya dawo.