Yafiyar Da Ake Tilasta Wa Mai Rauni

A garuruwa da dama na Arewacin Najeriya, idan mota ta buge mutum ta karya masa ƙugu, ko injin masana'anta ya guntule wa ma'aikaci yatsu, abin da ake fara faɗa masa tun yana kwance a asibiti shi ne ƙaddara ce, ya bar wa Allah, domin a ganin jama'a neman diyya alamar raunin imani ce da kwaɗayin abin duniya. Dattawan unguwa da shugabannin tasha sukan rako direba, a biya kuɗin ɗori da maganin makon farko, a shafa fatiha a watse, sannan a bar magidanci da nakasar da za ta hana shi neman abinci har ƙarshen rayuwarsa. Wannan ra'ayi ya samu gindin zama har ana ɗaukarsa addini, alhali kuwa fiƙihun da ake karantarwa a zaurukan Kano da Sakkwato bai zo da shi ba.

Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kisan kuskure, wato kisan da babu niyya a cikinsa, kuma littattafan Malikiyya irin su Muwaɗɗa da Risala sun bi gaɓoɓin jiki ɗaya bayan ɗaya sun yanka musu hakki: cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1,000 na zinariya, hannu ɗaya rabin diyya, yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Idan abin da za a biya ya kai sulusin diyya, nauyin yakan koma kan aƙila, wato dangin mai kuskuren ta wajen uba, waɗanda suke haɗa hannu su biya don kada a durƙusar da mutum ɗaya. Malaman da suka rubuta waɗannan hukunce-hukunce sun fi dattawan sulhu sanin ƙaddara, amma ba su ga karo tsakaninta da biyan hakki ba. Gaskiya ne Shari'a ta yaba wa mai yafewa, sai dai ta kira yafiyar sadaka, sadaka kuwa ba ta inganta daga wanda bai san abin da ya mallaka ba, balle wanda aka tsare da idon manya yana cikin raɗaɗi.

Abin da masu wannan sulhu ba sa dubawa shi ne wanda ke cin moriyar yafiyar. Tun dokar 1945 aka wajabta wa masu mota a Najeriya inshorar ɓangare na uku, wadda ke nufin kamfani ya ɗauki nauyin ɓarnar da motar ta yi wa wani mutum daban. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM, mai sa ido kan kamfanonin inshora, ta ɗaga kuɗin wannan inshora ga motar gida daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a shekara, kuma iyakar Naira miliyan 3 da ta sanya ta shafi ɓarnar dukiya ce kawai. Ke nan wanda ya yafe domin tausayin talakan direba, a haƙiƙa kamfanin da ya riga ya karɓi kuɗi ya yafe wa. Inda takardar ta kasance ta bogi kuwa, abin da ya yawaita a hannun direbobi, shirun waɗanda aka raunata ne ke ba wa masu buga ta damar ci gaba da kasuwarsu. Mai shakkar halaccin inshora ma yana da takaful, tsarin taimakekeniya bisa ƙa'idojin Musulunci, wanda NAICOM ta fitar wa ƙa'idojin aiki tun 2013.

Lamarin ma'aikata ya fi ban takaici. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, ta kuma tanadar wa wanda ya nakasa gaba ɗaya a bakin aiki kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Amma dokar tana da wa'adi: ma'aikaci zai sanar da mai aikinsa cikin kwana 14, mai aikin ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, sannan a shigar da buƙatar diyya cikin shekara ɗaya. Leburan da aka lallasa da buhun shinkafa da alƙawarin za a riƙa duba shi yakan gane an yi watsi da shi ne bayan wa'adin ya wuce, kuma a lokacin babu ko ɗaya daga cikin dattawan da suka shaidi sulhun da zai ɗauki nauyin ciyar da 'ya'yansa.