“Allah Ya Biya Ka” Ba Kuɗin Dako Ba Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya haramta wa kanSa zalunci kuma Ya haramta shi a tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina da ke karatu a jami’a a Sakkwato ya aiko mini da tambaya. Ya ce shi da abokansa sun yi musu a kan ɗan abin da ake bar wa yaron gidan abinci bayan an biya kuɗin abinci, ko wanda ake ƙara wa mai kawo saƙo. Wasu sun ce koyi da Turawa ne, wani ma ya kira shi bidi’a. Na amsa masa a taƙaice cewa halal ne, kuma ihsani ne. To amma tambayar ta ƙi fita daga raina, domin na ga mun tsallake babban al’amari muna jayayya a kan ƙarami. Muna tambayar hukuncin ƙari, alhali ainihin ladan aikin ma ba mu biya ba.

Ga abin da idona ya gani. Ranar wata kasuwa na shiga mota daga Sabon Birni zan koma gida Kurawa. Wani bawan Allah, da babbar riga da carbi a hannu, ya sayo buhu huɗu na gero. Wani dattijo ɗan dako ya yi ta jigilarsu a ka daga cikin kasuwa zuwa bakin mota, sawu huɗu, cikin zafin rana. Da ya sauke na ƙarshe sai mai kaya ya ciro naira 200 ya miƙa masa, ya ce, “Allah Ya biya ka, baba.” Dattijon ya dubi kuɗin ya ce, “Alhaji, a duba dai, buhu huɗu ne fa.” Sai Alhaji ya ɗaure fuska, ya ce ai ba su yi ciniki ba, kuma mutanen yanzu ba su da godiya. Dattijo ya juya ya tafi, bai ƙara cewa komai ba. Ba mu yi nisa ba muka iso wani shinge, aka ce za a sauke kaya a duba. Wallahi ina kallo Alhajin nan ya naɗe naira 1,000 ya miƙa yana murmushi, yana cewa, “Ga na goro, ranka ya daɗe.” Ba wanda ya yi ciniki da shi a nan ma.

Ni ma ban ce uffan ba a tasha, kuma wannan shirun yana cikin abin da ya sa nake rubutun nan.

Mu fara da maganar koyi da Turawa, domin ita ce mai sauƙi. Duk wanda ya ce haka bai san al’adar gidansu ba. Tun kafin Bature ya sa ƙafa a ƙasar nan Bahaushe yake da tukuici. Idan aka aiko yaro da kyauta, ko da kwanon tuwo ne, ba a barinsa ya koma hannu wofi. Mai kawo labarin haihuwa yana da goron albishir. Mai sayar da hatsi yana yi wa mai saye gyara bayan ya cika mudu. Har karin magana muke da shi cewa yaba kyauta tukuici. A Sunna kuwa, Annabi (SAW) ya sayi raƙumi a wurin Jabir ɗan Abdullahi (RA), da suka isa Madina ya biya shi kuɗinsa, ya yi masa ƙari, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Kuma an ruwaito daga Abu Huraira (RA) umarnin cewa idan mai hidima ya kawo wa mutum abinci, in bai zaunar da shi sun ci tare ba, to ya ba shi loma ɗaya ko biyu, saboda shi ne ya sha zafin girkin da wahalarsa. Ina bidi’a a nan? Wannan mu’amala ce, kuma asali a mu’amala halacci ne har sai dalili ya hana.

Abin da ya kamata mu guje wa a tsarin wasu ƙasashen Turawa daban ne. A Amurka, dokar tarayya ta yarda mai gidan abinci ya biya ma’aikacin da ke samun tukuici dala 2.13 kacal a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, alhali mafi ƙarancin albashin sauran ma’aikata dala 7.25 ne tun 2009. Shi ya sa a can al’ada ta ɗora wa mai cin abinci ƙarin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Ma’ana, mai gida ya sauke nauyin albashi daga wuyansa ya rataya wa baƙi, ma’aikaci kuma ya wayi gari cin abincinsa ya dogara da fara’ar wanda bai ɗauke shi aiki ba. A Birtaniya sai da aka yi doka, wadda ta fara aiki a watan Oktoba na 2024, don tilasta wa masu gidajen abinci su miƙa wa ma’aikata tukuicinsu cikakke, saboda wasu suna yanka a ciki. A Japan kuwa ba a saba ba da tukuici a gidajen abinci ba. To Musulunci bai yarda a mayar da haƙƙi ya zama kyauta ba. Lada wajibi ne, bashi ne a wuyan wanda ya sa aiki. Tukuici kuwa ganin dama ne, yana zuwa bayan an sauke wajibi, kamar yadda nafila ba ta tsayawa a madadin farilla.

Nan ne laifinmu yake. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaidin al-Ƙairawani, wadda muke karantawa a zaurukanmu tun muna yara, ya san cewa ijara, wato ɗaukar mutum aiki, tana inganta ne idan an yanke wa’adi kuma an ambaci ladan. Amma mu me muke yi? Mu ga ɗan dako mu ce, “Ɗauko mu je.” In ya tambayi nawa za a ba shi sai mu ce, “Haba, ba za mu ɓata ba.” Da gangan muke ƙin yin ciniki, domin mun san da zarar kaya sun isa, ƙarfin ciniki ya dawo hannunmu. Shi ya riga ya ba da guminsa, ba ya iya karɓarsa ya mayar. Sai kuma mu juya mu kafa hujja da rashin cinikin da mu muka jawo. To ka sani, ya ɗan’uwa, malaman fiƙihu ba su bar maka wannan ƙofa ba. Idan an yi aiki ba a yanke lada ba, abin da ke kanka shi ne ujratul misli, wato abin da aka saba biyan irin wannan aikin a wannan wuri a wannan lokaci. Ba abin da ranka ya so ba, ba kuma farashin da ka sani kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ba. Kai ka ƙara wa kayanka kuɗi sau nawa tun daga lokacin? Don me kuɗin dako kaɗai zai tsaya inda yake?

Kowa ya haddace hadisin Ibn Majah da ke umarni da a biya ɗan ƙwadago tun guminsa bai bushe ba. Amma wanda ya fi ba ni tsoro shi ne hadisin ƙudusi da ke cikin Bukhari, inda Allah Maɗaukaki Ya ambaci mutum uku da Shi da kanSa zai zama abokin husumarsu ranar Alƙiyama. Na ukunsu shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aiki cikakke, sannan ya hana shi ladansa. Ka dubi wannan da kyau. Dattijon da ya juya ya tafi bai ce komai ba, ba shi da lauya, ba shi da ƙungiya, bai san ƙofar alƙali ba. Amma ga wanda zai tsaya masa. Sa’an nan kai kana ce masa “Allah Ya biya ka”, kana tura bashinka ga wanda zai tuhume ka a kansa. Addu’a ibada ce mai girma, kuma babu laifi a haɗa ta da biya. Amma yin ta don toshe bakin mai haƙƙi wasa ne da sunan Allah.

Kuma su wane ne ’yan dakon nan? Mu mutanen gabashin Sakkwato mun sani. Da yawansu manoma ne masu gonaki da rumbuna, waɗanda ’yan bindiga suka raba da garuruwansu. Tun 2019 dubban mutanenmu suke tsallakawa jihar Maraɗi, wajen Gidan Rumji. A watan Mayu na 2020 an kashe sama da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana ɗaya. Waɗanda ba su tsallaka ba suka watsu cikin Sabon Birni da Isa da birnin Sakkwato, wannan yana tura baro, wancan yana tura kurar ruwa, wani yana lodi a tasha, wani ya karɓi babur yana kabu-kabu yana kai saƙo ta hanyar da kai ba za ka yarda ka bi ba. Mutumin da a da yake fitar da zakkar dami, yau shi ne yake ɗaukar buhun geron wani a ka. Ya zaɓi ya yi dako maimakon bara. Idan muka tauye shi, me muke koya masa in ban da cewa bara ta fi riba? Mu ne kuma za mu zauna a majalisa muna kukan yawan mabarata.

Ba zan cire kaina da ’yan’uwana malamai ba. Shekarun baya na tashi daga wani gida zuwa wani, na kira manyan ɗalibaina suka kwashe mini kaya tun hantsi har la’asar. Abin da na ba su shi ne “Allah Ya yi albarka.” Na ɗauka hidimar malami ce. Daga baya na ji cewa ɗaya daga cikinsu ya bar aikin ginin da ake biyansa a ranar, don kunya ta hana shi ce mini a’a. Abin da aka karɓa da kunya ba kyauta ba ne. Na neme shi na biya shi, ya ƙi karɓa, sai da na haɗa shi da mahaifinsa. Haka nan masu aiken almajiri ya yi wanki da shara da ɗebo ruwa a ba shi ɗumamen jiya a ce an taimake shi. Shi ne ya taimake ku.

Sai kuma naira 1,000 ta shinge. Abin mamaki, hannunmu yana buɗewa ne daidai inda shari’a ta ce a rufe shi. Annabi (SAW) ya aiki wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓar zakka. Da ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka ba shi. Annabi (SAW) ya hau mumbari ya yi inkarin haka, ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna ba wanda zai kawo masa. Wannan ne ma’auni. Wanda aka ba amanar hukuma, ana biyansa albashi don ya yi wa kowa aiki daidai, abin da ka ba shi saboda kujerarsa ba tukuici ba ne, ko ka kira shi goro, ko na ruwa, ko ihsani. Mu da Alƙalawa take a ƙasarmu, birnin da ya faɗi a 1808, bai kamata a tuna mana ba. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa gaisuwa, wato abin da ake kai wa masu mulki, cikin halayen mulkin zalunci da ya yi inkari. Na san akwai wanda ake tilasta wa, ya bayar don ya kuɓutar da haƙƙinsa, kuma malamai sun yi masa uzuri, zunubin yana kan mai karɓa. Amma Alhajinmu da fara’a ya bayar. Ya ba wanda yake tsoro, ya hana wanda ba ya iya yi masa komai.

Wani zai ce, ai tukuici yana ɓata ma’aikata, yana sa su fifita mai kuɗi. Akwai gaskiya a ciki, ba na musu. Idan ka ba yaron mai abinci wani abu don ya tsallake waɗanda suka riga ka, ko ya ƙara maka tsoka daga tukunyar da ba tasa ba, to ka saye shi ya ci amanar uwar ɗakinsa, kuma kun yi tarayya a laifi. Maganin wannan shi ne ka bayar bayan an gama hidima, ba da sharaɗi ba. Shi ma ma’aikacin da aka biya ladansa cikakke ba ya da ikon tsare mutum da roƙo ko ɓata fuska don ba a ƙara masa ba. Kuma ina jan kunnen samari a kan wata ɓarna da na sha gani: a bar wa yarinyar da ke kawo abinci canji mai yawa, sannan a biyo da neman lambar waya. Wannan tarko ne, kuma mafi yawan yaran nan talauci ne ya fito da su. Haka wanda zai miƙa wa ɗan dako kuɗi ya sa abokinsa ya ɗauki bidiyo don a sa a TikTok. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta yi gargaɗi a kan ɓata sadaka da gori da cutarwa da riya, ku koma ku karanta ta da tafsirinta.

Shari’a ba ta yanka wani kaso ba, don haka kada wani ya ɗora muku kashi kaza cikin ɗari ya ce addini ne. Dubi nauyin kaya, da nisan tafiya, da zafin rana, da hatsarin hanya, da abin da ke aljihunka. Wanda ya kawo maka saƙo daga Shinkafi ko Isa a irin wannan zamani ba daidai yake da wanda ya miƙo maka shayi ba. Akwai kuma wata sabuwar matsala da ba mu lura da ita ba. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane suka saba da tura kuɗi ta waya ko biya ta POS. Kuɗin yana faɗawa asusun mai shago daidai wa daida, canjin da a da ake cewa yaro ya riƙe ya ɓace. In ka ƙara wani abu a kan abin da ka tura, ba ka da tabbacin zai isa hannun yaron. Ni dai yanzu ina ajiye ’yan ɗari bibbiyu a aljihun gaba saboda wannan, in miƙa hannu da hannu. Kuma kafin ɗan dako ya sunkuya, ina tambayarsa, “Nawa za ka kai mini?” Idan ya ce in ba shi abin da ya sauwaƙa, sai in faɗi adadi da bakina, in jira ya ce ya yarda.

Dattijon nan na tasha na sake nemansa a kasuwanni biyu da suka biyo baya, ban gan shi ba. Masu lodi sun ce ya tafi Sakkwato.

Wallahu a’alam.