Ƙwai ya tafi kasuwa, kashin kaza ya rage wa mai rarrafe

A gidaje da yawa na Maradi, Damagaram da Tawa, har da unguwannin Yamai, safiya iri ɗaya ce. Uwar gida ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta ajiye ɗanta mai wata takwas, ta koma wajen murhu. Kaji na kiwo kusa da turmi, ɗaya ta hau bakin randa, wata ta sa baki a ƙwaryar fura kafin a kore ta. Yaron ya rarrafa ya sauka daga tabarma, ya damƙi ƙasa, hannu ya tafi baki. Bayan kwana uku zawo ya kama shi, kakarsa ta duba dasashi ta ce haƙori ne zai fito.

Ba duka zawon mai rarrafe ne na haƙori ba. Lokacin fitowar haƙori shi ne kuma lokacin da yaro ke soma jan ciki yana kai duk abin da ya samu baki, shi ya sa laifin ke faɗawa kan haƙori. Cikin hanjin kaza akwai ƙwayoyin cuta irin su Kamfilobakta da Salmonela, kuma ba sai kazar ta yi rashin lafiya ba. Tana iya zama kuɓul-kuɓul, tana ƙwai, tana zubar da su a kashinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Kamfilobakta cikin manyan abubuwa 4 da ke haddasa zawo a duniya, kuma alamunta kan fito kwana 2 zuwa 5 bayan ta shiga jiki. Kafin nan kowa ya manta da abin da yaron ya tsinta a tsakar gida.

Masu bincike a Zimbabuwe sun zauna a gidajen ƙauye suna kallon jarirai na sa'o'i, suka ga wasunsu na cin ƙasa da kashin kaji kai tsaye. An wallafa aikin a 2013. A Habasha, wani bincike na 2016 ya nuna cewa yaran gidajen da ke kiwon kaji sun fi girma da kyau, amma inda kajin ke kwana ɗaki ɗaya da mutane wannan amfanin na gushewa. A Nijar, inda sama da kashi 40 cikin 100 na yara ƴan ƙasa da shekara 5 ke fama da tsumburewa, kuma jihohin Maradi da Damagaram ke cikin waɗanda abin ya fi ƙamari, wannan magana ba ta ƙasar wasu ba ce. Hanjin da ke kumburi kullum saboda ƙazanta ba ya tsotse abinci yadda ya kamata, ko da an ƙoshi.

Ba wanda ke da hankali da zai ce a daina kiwon kaji. Kaza ita ce asusun mace: da ita take sayen sabulu, takalmin ɗan makaranta da gudummawar biki, ita ake kamawa idan baƙo ya sauka. Abin takaicin dai shi ne yadda ake rabon. Ƙwai ya tafi kasuwa ko a bar wa kaza ta kwanta a kai, a wasu gidajen ma har yanzu ana hana yaro cin ƙwai wai kada ya tashi ɓarawo. Abincin da zai gina jikinsa an hana shi, abin da zai kwantar da shi kuwa yana nan warwatse inda yake wasa.

Da an zo maganar gyara, shawarar farko da ke fitowa ita ce a kulle kaji dare da rana. Mai faɗin haka bai taɓa sayen dusa da rani ba. Kazar gida da kanta take neman abincinta, idan aka tsare ta sai an ciyar da ita. Kuma an gwada haka a wata unguwar talakawa a Lima, ƙasar Peru: yaran gidajen da aka yi wa kaji keji sun fi kamuwa da zawon Kamfilobakta, ba su ragu ba. Kashi ya taru wuri guda kusa da ɗaki, yara kuma na zuwa wasa wurin. Keji da ba a sharewa matattara ce kawai.

Abin da ya fi dacewa da gidan talaka shi ne a raba wuri. Akurki ya koma can ƙarshen gida, nesa da madafi da randa, kaji su daina kwana ƙarƙashin gado. Dalilin da ya sa ake shigar da su ɗaki sananne ne, ɓarayi da muzuru, don haka akurkin na buƙatar ƙofa mai ƙarfi. A share tsakar gida kafin a ajiye yaro, ba bayan ya gama birgima ba, a yayyafa ruwa kafin shara don kada ƙurar busasshen kashi ta tashi ta sauka kan abinci. Sharar ta tafi rami ko gona, taki ne mai kyau. Kwanon da kaji ke shan ruwa ya zama nasu su kaɗai. Sai wanke hannu da sabulu, na uwa da na yaron kansa, wanda ba a cika tunawa da shi ba.

Ranar yanka ita ce ranar da aka fi sakaci. Yara ake bai wa figa, ana fasa ciki a kan faifan da za a yanka albasa, ruwan wankin nama a watsa shi tsakar gida. Wuta na kashe waɗannan ƙwayoyin idan nama ya dahu sosai. Haɗarin yana wurin wuƙa, hannu da kwanon da ɗanyen nama ya taɓa. Ya fi muni idan kazar ba ta da lafiya. Da hunturu ya shigo, kaji suka soma gyangyaɗi suna faɗuwa, sai a yi maza a sa wuƙa kafin ta zama mushe, ko a kai ta kasuwa a karya farashi. Yawanci cutar Niyukasal ce, wadda ke da rigakafi mai araha kuma ba ta cika yi wa mutum lahani ba. Amma da ido ba a bambanta ta da murar tsuntsaye, wadda aka tabbatar da ita karon farko a Nijar a Magarya cikin Fabrairun 2006, ta kuma sake ɓulla a Maradi a 2015. A Legas ta kashe wata matashiya a 2007. Yankan ya halatta naman, bai kashe cutar da ke jikin gashi da jini ba. Idan kaji suna mutuwa da yawa lokaci guda, ma'aikacin kiwo ya kamata a kira, ba mai tallan ƙwayoyi a tire ba.

Hukumomi ma na da nasu laifi. Wayar da kai kan tsabta ta tsaya kan masai da wanke hannu bayan bayan gida, kamar kashin mutum kaɗai ke da cuta. Ma'aikatan kiwo na maganar rigakafin kaji, na gidan likita na maganar tamowa, kowa da taronsa, alhali gida ɗaya suke shiga. Ungozoma ko ma'aikaciyar da ke awon yara za ta iya tambayar uwa inda kajinta ke kwana, ba tare da an ƙara ko dala a kasafin kuɗi ba.

Su kuwa samarin da ke cin rani a Abijan, Legas, Akra ko Libiya, su ne ake bugo wa waya idan yaro ya kwanta, su ne ke aiko kuɗin magani da na mota zuwa asibiti. Da yawansu ma su suka aika kuɗin sayen kajin tun farko, don matar ta samu abin juyawa. Bulo kaɗan na ƙasa, ƙyauren langa-langa, sabuwar tabarma da sandar sabulu ba su kai kuɗin kwana uku a gadon asibiti ba. A kiran bidiyo na gaba, bayan an gaisa an ga fuskar yaro, mai gida na iya cewa a juya masa wayar ya ga inda aka ajiye randa da inda kajin ke kwana.