An Toshe Hujin Zuciya, Amma Kada Ku Daina Komawa Asibiti

Iyayena da 'yan'uwana na Nima da Maamobi, maganata a kan yaran da aka haifa da huji a zuciya ce.

A yau ba kowane huji ake tsaga ƙirji dominsa ba. Likita yakan zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har cikin zuciya, ya buɗe ɗan murfin waya mai kama da lema biyu, ya toshe hujin. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai a sallami yaro, ba ɗinki a ƙirjinsa. Iyaye kuwa su ɗauka an gama. A ganina, nan hatsarin yake.

Yawancin yara suna warkewa sarai. Amma a jikin kaɗan daga cikinsu murfin yakan zame, jini ya tafi da shi, galibi a kwanakin farko. Wani lokaci gefensa yakan ci bangon zuciya a hankali, har bayan watanni ko shekaru, jini ya taru ya matse zuciyar. Ƙwayar cuta ma tana iya kama shi.

In haka ta faru, wani lokaci ana iya ciro murfin da bututu. In bai yiwu ba, sai tiyata. A buɗe ƙirji, inji ya karɓi aikin zuciya da huhu, a cire murfin, a ɗinke inda ya ɓarke, a yi wa hujin faci. Ana tiyatar zuciya a nan Accra, a cibiyar zuciya ta Korle Bu wadda Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa a 1989.

Wani uba ya taɓa ce mini, "Sista, ai an ce ba za a taɓa shi da wuƙa ba." Na fahimci tsoronsa, da nauyin kuɗin. Amma Alhaji, zuciyar da jini ya matse ba ta jiran taron dangi, rubutu da jiƙo kuma ba sa mayar da murfin da ya zame.

Ku riƙe waɗannan:

Ku ba yaro asfirin yadda likita ya rubuta, yawanci wata 6. Kada ku tsayar don kanku.

Ku je hoton zuciya duk ranar da aka sa muku, ko da yaro yana buga ƙwallo.

Ku adana takardar da ke nuna irin murfin da girmansa, musamman in a Indiya aka yi aikin. Ku nuna ta kafin a cire masa haƙori.

In ya yi kukan ciwon ƙirji, ko numfashinsa ya koma sama-sama, ko ya suma, ko zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya, kada ku tsaya wurin mai kemis. Ku kira 112 ko ku ɗauki tasi zuwa asibiti, ko tsakar dare ne. Tun daga bakin ƙofa ku ce, "Akwai murfi a zuciyarsa."